Rigar da aka tsufar da gangan

Wani yayi ya kama masu buga zane a jikin tishat a gidajensu, musamman a Amurka da Turai: mutum zai gama buga sabuwar riga fil, sannan ya zauna yana wahalar mayar da ita kamar ta shekara talatin ana sawa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Tsofaffin rigunan mawaƙa sun zama kayan kuɗi, har a 2021 aka sayar da wata ta ƙungiyar Grateful Dead, bugun 1967, a gwanjon Sotheby's kan sama da dala 17,000. Wanda ta asali ta fi ƙarfinsa sai ya nemi mai kama da ita.

Ni ban ga laifin son wannan kamar ba. Duk wanda ya taɓa sa rigar kamfe a watan Afrilu ya san azabar zane mai kauri. Tawadar plastisol, wadda sai an gasa ta a zafin digiri wajen 160 take kamawa, zama take a saman ƙyalle kamar leda, iska ba ta ratsawa, ƙirji ya jiƙe sharkaf. Tsohuwar riga kuwa zanenta ya tsattsage, ya yi laushi, ya zama ɗaya da audugar.

Ana iya samun wannan laushin tun a kan teburin bugu, kuma a nan gwaninta take. Mai aikin zai ɗauki tawadar ruwa, wadda ke shiga cikin zare, ya sa ragar bugu mai ƙananan idanu don tawada kaɗan ta wuce, ya ja sau ɗaya ya ɗaga firam. In rigar baƙa ce ta auduga zalla, akwai tawadar da ke cire rinin wurin ta bar nata launi, in an wanke ka shafa hannu ba za ka ji tudu ba. Tsagewar ma ana zana ta cikin hoton kafin a ɗora shi a raga. Ƙyallen bai san an yi ba, ƙarfinsa na nan.

Inda na rabu da masu yayin shi ne samfefa da bilic. Goge wuya da kalmasa har zare ya fito, ko jiƙa riga a bilic don ta koɗe, cin ƙarfin auduga ne kawai, wanki kaɗan huda ta bayyana a kafaɗa. Masana'antu ma sun bi wannan hanya da wandon jins, suna fesa masa yashi, har ciwon huhu ya kashe ma'aikata a Turkiyya, gwamnati ta hana a 2009. Aikin gida bai kai haka ba, amma tunanin ɗaya ne: a lalata abu don ya yi tsada.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne sayar da irin wannan riga da sunan tsohuwa. Masu tara irin waɗannan riguna kalmasa suke dubawa, domin yawancin na kafin tsakiyar shekarun 1990 ɗinki layi ɗaya gare su, na baya kuma biyu, amma yaron da ya tara kuɗinsa bai san wannan ba. Mai buɗe dilar gwanjo a kasuwar Ƙofar Wambai ba ya ce wa kowa kayansa sababbi ne. Mai bugu ma ya buga shekarar aikinsa a cikin wuyan rigar, da tawadar da ba ta fita.