Jaririn Wanza da Yaran Kano: Tarken Littafin The Constant Gardener

A cikin ƙagaggen labarin The Constant Gardener na John le Carré, wanda ya fito a 2001, akwai wani fage da ke daɗewa a zuciyar mai karatu. Wata Baturiya mai suna Tessa, matar wani jami'in diflomasiyyar Birtaniya a Nairobi, tana kwance a ɗakin masu jego na asibitin gwamnati, wanda ta zaɓa da kanta don ta haihu inda talakawa ke haihuwa. Ɗanta ya zo babu rai. A ƙirjinta kuwa ga jaririn wata yarinya mai suna Wanza, 'yar unguwar marasa galihu ta Kibera, tana shayar da shi, domin uwarsa na can kan gadon kusa rai a hannun Allah. Wanza tana cikin waɗanda ake gwada wani sabon maganin tarin fuka a kansu, mai suna Dypraxa. Da ta cika, sai gawarta da takardunta na asibiti suka yi ɓatan dabo.

Ƙarfin littafin da rauninsa duka suna cikin wannan fage. Marubucin ya ga abin da ya kamata a gani, wato yadda ake mayar da jikin talaka filin gwaji. Sai dai da ya tashi ba da labarin, a hannun wasu ya danƙa shi, ya bar masu shi tsaye a bakin ƙofa.

Zubin labarin na bin sawun kisa ne. An kashe Tessa a kusa da tafkin Turkana, an kuma kashe abokin aikinta, likita Arnold Bluhm. Mijinta Justin Quayle, mutum mai sanyin hali wanda ba abin da ya dame shi sai furannin lambunsa, ya bar aiki ya shiga bin diddigi daga Kenya zuwa Turai da Kanada, har ya gano cewa matarsa ta bankaɗo illolin maganin da kamfani da jami'an gwamnatinsa suka haɗa baki suka ɓoye. Dole a yaba wa le Carré a kan abu biyu. Na farko, salonsa wajen fito da harshen jami'an gwamnati, masu iya binne gawa da ladabi, salo ne na gwani. Na biyu, bai yi wa kansa sauƙi ya ce maganin guba ne tsantsa ba. Ta bakin ɗaya daga cikin masanan da suka ƙirƙiro shi, Lara Emrich, ya nuna cewa Dypraxa magani ne mai amfani da aka yi gaggawar kai shi kasuwa kafin bincike ya nuna. Wannan fahimta ce ta wanda ya yi nazari kafin ya ɗauki alƙalami.

Amma a lura da idon da muke kallon ɗakin masu jegon nan ta cikinsa. Idon Sandy Woodrow ne, babban jami'in ofishin jakadanci, wanda sha'awar Tessa ta hana shi sukuni. Abin da yake gani mace ce kyakkyawa cikin baƙin ciki, jaririn da ke hannunta kuwa ya zama kamar ado da ke ƙara mata kwarjini. Wanza kusan ba ta buɗe baki a cikin littafin. Ba mu ji abin da aka faɗa mata ranar da aka fara ba ta maganin ba, ko da wane harshe aka faɗa, ko ta san tana iya cewa a'a. Ƙanenta Kioko yana giftawa kamar inuwa. Shi kuwa jaririn, da ya gama aikinsa na nuna mana kirkin Tessa, sai labarin ya wuce ya bar shi. Wani zai ce da gangan marubucin ya yi haka, don ya nuna makantar Woodrow. Da an karɓi wannan uzuri in da wani babi daga baya ya ba mu abin da Woodrow ya kasa gani. Shafuka sun haura ɗari huɗu, babu wannan babin.

Mai karatu daga ƙasar Hausa ba zai karanta littafin nan bai tuna da Kano ba, kuma manazarta da dama sun sha danganta su. A 1996 annobar sanƙarau ta kashe fiye da mutum 11,000 a Najeriya. Ana tsakiyar wannan masifa ne tawagar kamfanin Pfizer ta sauka a Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa na Kano, ta gwada wani sabon magani mai suna Trovan a kan yara kimanin 200. Rabinsu aka ba su Trovan, rabi kuma aka ba su wani sanannen magani, seftiriyazon, amma ƙasa da adadin da aka saba bayarwa. Yara 11 suka rasu, wasu suka tashi da kurumta ko shanyewar jiki. A Disamban 2000 jaridar Washington Post ta fallasa lamarin, daga baya kuma aka gano cewa takardar amincewar kwamitin ɗa'a da aka dogara da ita an rubuta ta ne bayan gwajin, aka sa mata tsohon kwanan wata. Iyaye sun ce ba a sanar da su cewa gwaji ake yi ba. Kamfanin ya ce an nemi izininsu da baki, kuma cutar ce ta yi kisan. A 2009 aka sasanta da gwamnatin jihar Kano a kan dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba.

Akwai wata ƙididdiga a wannan shari'a da marubucin labarin leƙen asiri ba zai so ta ba. Daga cikin yara 11 da suka rasu, 5 ne suka sha Trovan, 6 kuma ɗaya maganin aka ba su. Sanƙarau da kansa yana kisa, yana kuma kurumtarwa. Wanda ya shiga wannan labari yana neman kwalbar guba da zai ɗaga sama ya nuna wa jama'a, zai fito hannu rabbana. Abin da ya rage bayan an cire gubar shi ne ainihin ta'asar, kuma ta fi wuyar rubutawa. Uba ne ko uwa, ɗauke da yaron da wuyansa ya sanƙare, a layin da ba a ganin ƙarshensa, a asibitin da a wani ɓangarensa likitocin agaji na ƙungiyar Médecins Sans Frontières ke ba da maganin da aka riga aka sani. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Wace irin amincewa ce ke fitowa daga bakin mutumin da ke wannan hali? Wa ya fassara masa, kuma me aka tsallake a fassarar? A nan wasan yake, a cikin minti biyar na magana tsakanin mai farar riga da mai ɗauke da majinyaci, kuma adabi ya fi kowane fanni iya shiga irin wannan minti biyar. Le Carré ya tsallake shi ya tafi neman makasa.

Dalilin hakan yana cikin nau'in rubutun da ya ƙware a kai. Labarin leƙen asiri ba ya tsayuwa sai da sirri, da mugu mai suna, da jarumin da zai tona. Don haka sai marubucin ya ƙara wa zaluncin kisan gilla da ɓatar da gawa da 'yan ina-da-kisa, kamar yana tsoron cewa mutuwar Wanza kaɗai ba za ta riƙe mai karatunsa ba. A jawabinsa na ƙarshen littafin shi da kansa ya nuna cewa abin da ya gano a zahiri ya fi ƙagensa muni. To in haka ne, me ya hana a bar zahirin ya yi magana? Gwajin Kano ba a ɓoye aka yi shi ba. Da rana tsaka aka yi, a asibitin gwamnati, da takardu masu hatimi.

Illar wannan zaɓi ta wuce ta fasaha. Mai karatun da ya rufe littafin yana iya fita da darasi guda, cewa gwajin magani a kan marasa ƙarfi mugunta ce, a guje shi. Tarihin kula da jarirai bai yarda da wannan darasi ba. A shekarun 1940 likitoci a Amurka da Turai sun riƙa cika kwalaben bakwaini da iskar oksijin, da kyakkyawar niyya, ba tare da wani ya gwada ko yawanta na da illa ba. Jarirai kimanin 10,000 suka makance kafin a gane dalili. Mawaƙin nan Stevie Wonder, wanda aka haifa bakwaini a 1950, da wannan cutar ido ya rasa ganinsa. Abin da ya warware matsalar gwaji ne da aka yi a asibitoci 18 na Amurka tsakanin 1953 da 1954, inda aka raba jarirai gida biyu aka kwatanta. A wannan tarihi babu mugun attajiri ko guda. Rashin gwajin ne ya yi ɓarnar. Jikin yaro ba ƙaramin jikin babba ba ne, hantarsa da ƙodarsa ba sa sarrafa magani yadda na babba ke yi, don haka duk maganin da ba a gwada a kan yara ba, ranar da aka ba yaro shi an yi gwaji, sai dai babu mai rubuta sakamako.

Mun kuma ga abin da ke biyo baya idan amana ta karye. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano, ba a dawo da shi ba sai a tsakiyar 2004, cutar kuma ta sake ɓulla a ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Dalilan wannan ƙauracewa suna da yawa, na siyasa da na addini, amma tabon 1996 yana cikinsu, domin wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Yaran da suka shanye a wannan tsakani su ma suna cikin lissafin. Littafin da ya koyar da tsoro bai koyar da yadda ake bambance gwajin amana da na cin amana ba, ya yi rabin aiki ne a wurin da rabin aiki ke da haɗari.

Bambancewar kuwa mai yiwuwa ce. A 2021 aka wallafa sakamakon wani bincike da Hukumar Lafiya ta Duniya ta jagoranta a asibitoci biyar, a Ghana da Indiya da Malawi da Tanzaniya da Ile-Ife a Najeriya. An gwada ɗora jariri mai ƙarancin nauyi a ƙirjin uwarsa, fata da fata, tun daga haihuwa, maimakon a jira sai ya murmure a kwalba. Mutuwa a cikin kwana 28 na farko ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, har aka tsayar da gwajin kafin wa'adinsa don kada a ci gaba da hana sauran jariran. Shi ma gwaji ne a kan 'ya'yan talakawa, shi ma an raba jarirai gida biyu. Amma tambayar da ya tashi amsawa ta iyayen jariran ce, kuma amsar ta zauna a inda aka same ta. Trovan kuwa hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi ga manya a 1997, ba ta taɓa amincewa da shi ga yara ba, a 1999 kuma ta taƙaita amfani da shi saboda illarsa ga hanta.

Fim ɗin da Fernando Meirelles ya shirya daga littafin a 2005 ya ɗan rage wannan giɓi, domin kyamara ta shiga lungunan Kibera ta nuna fuskokin mutanenta. Duk da haka jigon bai sauya ba, soyayyar Justin da Tessa ce ke jan akala, kuma Rachel Weisz da ta fito a matsayin Tessa ce ta karɓi kyautar Oscar. A Kano kuwa sai a watan Agustan 2011, shekara 15 bayan gwajin, iyalai huɗu na farko suka karɓi diyyar dala 175,000 kowannensu, bayan an yi musu gwajin ƙwayoyin halitta don tabbatar da cewa yaran da suka binne nasu ne.