Gidan Giya Mai Ɗawisu: Labari Ya Yi Daɗi, Amma Ina Sauran?

Na san wata tana ganin kan wannan magana za ta dafe ƙirji ta ce, "Oh ni 'yasu! Me kuma ya haɗa marubuciyar soyayya da kamfanin giya?" To ki kwantar da hankalinki 'yar'uwa. Giya haramun ce, wannan babu ja a ciki, ban sha ba kuma ba tallanta na zo yi ba. Ni sana'ata labari ce, duk inda na ji ana bayar da shi sai na kasa kunne in ji wa aka zaunar a kan tabarma, wa kuma aka bari a bayan ƙyaure.

Turawa suna da wata al'ada, ranar hutu sai magidanci ya kwashi iyalinsa a mota su tafi wani ɗan ƙaramin gari, su zagaya tsohon kamfanin giya, a ba su tarihinsa, su ci abinci, su dawo gida suna yabawa. Wanda zan ba ki misali da shi yana garin New Ulm a jihar Minesota ta Amurka, tafiyar kusan awa biyu daga birnin Minneapolis. Na gan shi da idona lokacin da na je wa yayana zaman jego na matarsa. Mutanen garin wajen dubu goma sha huɗu ne, kuma Jamusawa 'yan ci-rani ne suka kafa shi a 1854.

Bari in fara da abin yabo, don ba a hana mai gaskiya gaskiyarsa. Wani Bajamushe mai suna August Schell, makanikin injina, shi da abokinsa Jacob Bernhardt suka kafa wurin a 1860 a gefen kogin Cottonwood. Sun zaɓi nan ne saboda ruwan marmaro mai kyau, ga kuma ƙanƙarar da suke yankowa daga kogin da hunturu su jibge a kogunan da suka haƙa a cikin tudu, tunda lokacin babu firji. A 1866 Schell ya sayi kason abokinsa. Da ya rasu a 1891 ɗansa Otto ya karɓa, da shi ma ya rasu a 1911 sai surukin gidan, George Marti, ya ɗauka, kuma zuriyarsa ce ta ci gaba da riƙewa. A duk Amurka, cikin kamfanonin giya na gado, na Yuengling da aka kafa a 1829 kaɗai ya girme shi.

Wallahi 'yar'uwa adana kaya sai waɗannan mutane. Gidan jan bulo da tsohon ya gina wa iyalinsa a 1885 yana nan tsaf, ga lambu an jera furanni, ga barewa a killace, ga ɗawisu yana yawo yana baza wutsiya kamar amarya ranar buɗar kai. Tsohuwar tukunyar tagulla, tsofaffin kwalabe, hotunan kakanni, babu abin da aka zubar. Aikin kansa ma ba baƙo ba ne ga mai shiga kicin: a jiƙa sha'ir har ya yi tsiro, a busar, a ɓarza, a dafa da wani fure mai ɗaci, sannan a zuba yis irin na fanke a bar shi ya yi kwanaki. Yis ɗin ne yake cinye zaƙin ya mayar da shi abin maye. Shi ya sa kika ga kamfanin giya ne yake yin Maltina tun 1976, asalin tsiron ɗaya ne, sai dai ita ba a barinta ta kai ga wannan matakin. A nan na ba labarin maki, an san farkonsa, an san tsakiyarsa, akwai shaida a hannu.

Amma fa labari mai jarumi ɗaya tilo, wanda kowa ya zo don ya taimake shi ko ya tare masa hanya, mu marubuta mun san gurgu ne. A irin yadda masu rubuta labarin yawon buɗe ido suke kawo shi, mutum biyu na nema na rasa.

Na farko masu ƙasar. Abin da ake yawan faɗa shi ne, a 1862 'yan ƙabilar Dakota sun kawo wa New Ulm hari sau biyu a watan Agusta, gari ya ƙone akasarinsa, amma kamfanin ya tsira, wai saboda uwargidan Schell, Theresa, ta saba ba su abinci. Labari mai sanyaya zuciya, alheri danƙo ne. To amma mai hankali sai ta tambaya, me ya sa masu ƙasa suka koma karɓar abinci a ƙofar baƙo? A 1851 aka sa su hannu a yarjejeniyar da ta raba su da mafi yawan ƙasarsu, aka matse su a wani siririn yanki a bakin kogin Minesota bisa alkawarin za a riƙa ba su kuɗi da abinci duk shekara. A 1862 kuɗin ya makara, yunwa ta ci su, 'yan kasuwa suka hana su bashi. An kashe ɗaruruwan baƙin manoma a wannan yaƙi, har mata da yara, ba zan ɓoye ba. Bayansa kuma, ran 26 ga Disamba 1862, aka rataye mazan Dakota 38 lokaci guda a garin Mankato da ke kusa, da amincewar Shugaba Abraham Lincoln. Aka tsare wajen mutum 1,600, galibinsu mata da yara da tsofaffi, a sansanin Fort Snelling cikin tsananin sanyi, a 1863 aka kore su daga jihar. Ke duba, kwanon abincin Theresa ya samu shiga labari, amma matar da ta miƙo hannu ta karɓa ko sunanta ba a sani ba.

Ta biyu ita ce ta fi ci mini rai, wato matar mashayi. Daga 1920 zuwa 1933 Amurka ta haramta yin giya da sayar da ita. A labarin irin waɗannan kamfanoni wannan lokaci shi ne mugun, shi ne kishiyar da ta zo raba gida. Sai a ba ki yadda suka yi dabara suka rayu da yin lemo da alewa da giya marar ƙarfi, a tafa musu. Dabarar ta cancanci tafi. Amma dokar daga sama ta faɗo? Mata na kan gaba cikin waɗanda suka rura wutar. A ƙarshen 1873 matan garin Hillsboro a jihar Ohayo suka riƙa fita ayari-ayari suna durƙusawa a ƙofar mashaya suna addu'a har sai mai wurin ya rufe. A 1874 suka kafa ƙungiyarsu ta yaƙi da shan giya a birnin Cleveland. Wata ma, Carry Nation, wadda giya ta kashe mijinta na fari, gatari ta ɗauka tana farfasa mashaya a jihar Kansas. Dalilinsu kin san shi ko ba a faɗa miki ba: albashi ya ƙare a mashaya tun ranar da aka biya, tukunya a kife, yara da yunwa, dare ya yi a dawo da duka. Ga shi a lokacin mace ba ta da ƙuri'a a yawancin ƙasar sai 1920, rabuwar aure kuma sai an sha wuya. Abin mamaki, ɗan majalisar da dokar take ɗauke da sunansa, Andrew Volstead, ɗan wannan jiha ta Minesota ne.

Ba na cewa dokar ta yi nasara. 'Yan fasa-ƙwauri irin su Al Capone na Shikago sun yi kuɗi da ita, gurɓatacciyar barasa ta kashe mutane, har wasu matan, ƙarƙashin Pauline Sabin, suka kafa ƙungiya a 1929 suna neman a soke ta. Ai wannan shi ne labarin, mata biyu kowacce tana kare 'ya'yanta ta hanyar da ta gani. Masu kamfani ban ga laifinsu ba, mai tuwo ba ya kushe miyarsa. Laifin na masu zuwa su ji su rubuta ne, su haɗiye ba tauna.

Abinci kuwa, in Allah ya kai ki irin garin nan, ki buɗe baki ki yi tambaya. Girkin Jamusawa ne: kabeji da aka yanka siriri aka sa gishiri aka bar shi ya yi tsami, dankalin Turawa, haƙarƙari, da niƙaƙƙen nama ɗure a hanji, kuma yawanci na alade ne. Ko kifi kika zaɓa don ki tsira, ki tambaya da me aka kwaɓa fulawar da aka tsoma shi, don sukan kwaɓa da giya. Ni gasasshen kifi na ci da dankali. Kabejin ya yi mini, tsaminsa yana yanke maiƙo, amma sauran salam, babu yaji babu daddawa, sai yawa kamar na masu noma. Tsabta da fara'a dai sun samu.

Hukuncina a taƙaice, wurin ya iya adana kaya, masu ba da labarinsa ba su iya adana mutane ba. Mu ma nan haka muke yi, a yi ta kirarin Alhaji wane da ya gina gida ya tara dukiya, ba a ambaci matar da ta sayar da gadonta da kwallayenta ta ba shi jari ba. Don haka 'yar'uwa, ko a littafina ne kika ga labari ya tafi sumul babu mai kuka, ki tsaya ki tambaya wa aka rufe a ɗaki. In kuma kina da kaka da rai, ki zauna ki ji nata labarin ki rubuta a littafin makaranta tun tana iya faɗa.

Allah ya tsare mana mazajenmu da 'ya'yanmu daga kayan maye, ya ba mu zaman lafiya a ɗakunanmu, amin.