Yaƙi da Man Bilicin: Saƙon Bai Iso Kura Ba

A Fabrairun 2023, a Kano, shugabar NAFDAC, Farfesa Mojisola Adeyeye, ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa, aka bi shiyya-shiyya ana yi wa 'yan jarida bita. Madalla. Amma mai karatu, leƙa kasuwar Kura ko Bunkure ka gani: man haɗi a roba, ba suna, ba lambar rajista. Sinadarin haidirokwinon da ake zubawa yana rage melanin, launin da ke kare fata daga rana, sitiroyid kuma yana sirantar da fatar. Ka ga matar da ke yini a gonar shinkafa ta fi kowa shiga haɗari. A ɗebo man nan a gwada, a faɗi sakamakon da Hausa a rediyo.