Jinjina ga Masu Gyaran Turbar Keke a Duwatsu

A 1988, lokacin da hukumomi a jihar Kalifoniya ta Amurka ke rufe turbobin daji ga masu hawan duwatsu da keke, ƙungiyoyinsu biyar suka haɗu suka kafa IMBA, ƙungiyar masu hawan duwatsu da keke ta duniya. Abin yabo shi ne sun fara da ladabtar da kansu: mai keke ya kauce wa mai tafiya a ƙasa da mai doki, mai gangarowa ya ba mai hawa hanya, kuma kada a bi turbar da ta jiƙe.

Ana cewa taya tana zaizaye ƙasa, kuma akwai ƙamshin gaskiya. Sai dai 'yan sa-kai daga cikin masu keken ne ke ɗaukar shebur, ba ko sisi, su tona magudanan da ke kawar da ruwan sama daga turbar da masu ƙorafin ma suke bi.