Likitan da ya bar jijiya ya gyara ƙashi

Duk mai kallon ƙwallo ya san abin da ke biyo baya idan aka ce jijiyar gwiwar ɗan wasa ta tsinke. Kare ma yana da irin wannan jijiya, kuma tsinkewarta na cikin manyan abubuwan da ke sa shi ɗingishi da ƙafar baya. Sai dai ta ɗan ƙwallo farat ɗaya take tsinkewa, ta kare kuwa cinyewa take yi a hankali kamar tsohuwar igiyar guga. Manyan karnuka irin su Labrador da Rottweiler ne abin ya fi addaba. Wani ƙiyasi ya nuna cewa a shekarar 2003 kaɗai, masu karnuka a Amurka sun kashe kusan dala biliyan 1.3 kan wannan ciwo.

Shekara da shekaru, tunanin likitocin dabbobi ɗaya ne: abin da ya tsinke a maye gurbinsa. A 1952 Saki Paatsama na ƙasar Finland ya bayyana yadda ake yanko tantani daga cinyar karen, a zura shi cikin gwiwa a madadin jijiyar. Daga baya wasu suka koma ɗaure gwiwar ta waje da zare mai ƙwari. A ƙaramin kare abin kan yi, amma a ƙato mai kilo 40 sau da yawa zaren kan saki.

Sai ga Barclay Slocum, likitan tiyatar karnuka da kyanwoyi da ke da asibitinsa a garin Eugene na jihar Oregon. Shi tambayarsa daban ce: me ke jan jijiyar nan har take tsinkewa? A 1983, shi da abokiyar aikinsa Theresa Devine suka wallafa amsar. Kan ƙashin ƙwaurin kare, inda ƙashin cinya yake zama, gangare ne da ya karkata baya da digiri 20 zuwa 30 a yawancin karnuka. Duk lokacin da kare ya taka, ƙashin cinya kan zame ƙasa ya tunkuɗa na ƙwauri gaba, jijiyar ce ke riƙewa. Kamar amalanke ne da aka ajiye a gangare aka ɗaure da igiya. Idan igiyar ta tsinke, kana iya sake wata, ita ma ta tsinke. Amma idan ka baje gangaren, amalanke zai tsaya ba igiya.

Daga nan aka samu tiyatar da ake kira TPLO, wadda ya bayyana a rubuce a 1993. Maɗori karaya yake gyarawa, wannan likita kuwa da gangan yake yanka ƙashi mai lafiya. Tun kafin a sa wuƙa, zai zauna da hoton ƙashin ya ja layuka ya auna karkatar. Sannan ya buɗe gwiwa ya duba guringuntsi, ya ɗauko zarto mai lanƙwasasshen baki ya yanke kan ƙashin a siffar jinjirin wata. Sai ya murɗa guntun da 'yan milimitoci har karkatar ta dawo kusan digiri 5, ya danne da farantin ƙarfe da kusoshi. Gwanintar tana cikin awon nan. In murɗin ya gaza, gwiwa ba za ta daina zamewa ba. In ya zarce, nauyi ya koma kan wata jijiyar da ke bayanta a cikin gwiwar. Cikin mako 8 zuwa 12 ƙashi ya haɗe.

Ba a karɓi abin hannu bibbiyu ba. Slocum ya yi wa dabarar rajistar mallaka, a lokacin sai wanda ya halarci kwas ɗinsa ke da izinin yin ta, kuma hakan ya jawo masa suka. Amma masu bincike suka yi ta gwada ta, suna sa karnuka tafiya a kan faranti mai auna ƙarfin taku. A 2013 Wanda Gordon-Evans da abokan aikinta suka kwatanta TPLO da ɗaurin zare a kan karnuka 80, sakamako ya nuna waɗanda aka yi wa TPLO sun fi taka ƙafar da kyau. Hatta dabarar TTA da Pierre Montavon da Slobodan Tepic suka fito da ita a Zurich a 2002, kan tubalinsa ta tsaya: a sauya ƙashi, a bar jijiya.

Slocum ya rasu a 2001, bai ga yawancin wannan ba. Yau TPLO na cikin tiyatocin ƙashi da aka fi yi wa karnuka a duniya. Darajar mai bincike ba a yawan maƙalunsa take ba. Wanda ya sa abokan sana'arsa suka sauya tambayar da suke yi, shi ne ya yi aiki.