Begen sojojin darma

Tun 1893 kamfanin Britains na Ingila ya soma zuba ƴan sojojin darma, a 1913 kuma H. G. Wells ya wallafa Little Wars, littafin dokokin wasan yaƙi da su. Citadel, da aka kafa a 1979, ta riƙa sayar da nata ba fenti: mai saye ke raba dare da burushi, yana fid da ido da sulke a jikin abin da bai kai yatsa ba.

Yau mabiya Oldhammer na begen Warhammer na 1983. Hujjarsu ita ce ƙirar da tana ɗauke da sawun hannun maƙerinta, har da kurensa, ta yanzu kuwa galibi a kwamfuta ake zana ta. Nan suna da gaskiya.

Sai dai wasunsu kan sayi tsoffin da tsada su kulle a akwati, ba su taɓa shafa musu launi ba. Wannan bege ya koma fatauci. Darma guba ce, barinta ba asara ba ne. Abin gadon shi ne haƙurin zama ga aikin hannu, shi kuwa sai an zaunar da yaro an miƙa masa burushi yake gadonsa.