Taro da Sisi: Sharhi a kan Kuɗin Siyasa da Tallarta a Ƙasar Haɗeja

Duk wanda ya ke neman jama'a su zaɓe shi, abu biyu ya ke bukata kafin ranar jefa ƙuri'a. Na farko kuɗin da zai yi zirga-zirga da su, na biyu hanyar da zai sa mutane su san shi, su san abin da ya ke kira a kai. Waɗannan abu biyu kuwa a ɗaure su ke da juna, gama wanda ya biya kuɗin talla shi ne mai iko da bakin mai talla. Sabo da haka ya kamata mutumin Kafin Hausa, da na Bulangu, da na Auyo, ya duba yadda aka yi wannan sha'ani a da da yadda ya koma daga baya, ya auna kowace hanya da ma'auni uku: ina kuɗin suka fito, me tallar ta koya wa mai sauraro, wa kuma ya ba da lissafi bayan an watse.

A cikin shekarun 1950 Kafin Hausa gunduma ce ta ƙasar Haɗeja, a cikin Lardin Kano. Sarkin Haɗeja Haruna ya hau gadon sarauta a 1950, ya yi mulki har 1984. Mutanen ƙasar manoma ne da masunta da makiyaya. Gero da dawa su ne na ci, gyaɗa ita ce ta kuɗi, a kan kai ta tashar jirgin ƙasa ta Malam Madori, a kan hanyar dogo da ta tashi daga Kano ta isa Nguru a 1930. Manomi ba ya ganin kuɗi a hannunsa sai da kaka, a lokacin nan kuwa haraji ya ke jiransa. Da damina, in Kogin Haɗeja da reshensa na Kafin Hausa suka cika suka malala cikin fadamu, ƙauyuka da yawa ba su shiguwa sai da kwalekwale. Duk jam'iyyar da ta ke son ƙuri'ar irin wannan ƙasa tilas ta san waɗannan abubuwa.

Jam'iyyu biyu ne suka fi tashe a Lardin Kano. Akwai Jam'iyyar Neman Sawaba, watau NEPU, wadda aka kafa a birnin Kano ran 8 ga Agusta 1950, Malam Aminu Kano ya zama shugabanta a 1953. Akwai kuma Jam'iyyar Mutanen Arewa, watau NPC, wadda ta zama jam'iyyar siyasa sosai a watan Oktoba 1951, daga baya Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello ya shugabance ta. Kirarin waccan Sawaba, na wannan Salama.

NEPU jam'iyyar teloli ce da mahauta da 'yan koli da ƙananan malamai da manoma. Ba ta da baitulmali, ba ta da manyan attajirai. Sai ta dogara ga sayar da katin jam'iyya, da abin da a ke tarawa a wurin lacca da wasanni, da karo-karon da a kan yi in an kama wani a biya masa tara ko a ciyar da iyalinsa. Wannan shi ne taro-sisi na ainihi. Amfaninsa ya wuce yawan kuɗin da a ka tara. Mutumin da ya cire sisi daga kuɗin gyaɗarsa, alhali bai gama biyan haraji ba, ya sayi kati, to, ya ɗauki jam'iyya abinsa ne. Ba ya jiran a ba shi, shi ne ya bayar, sabo da haka bakinsa a buɗe ya ke in shugabanni suka karkace. Nan ne ƙarfin NEPU ya ke, shi ya sa ɗauri da bulala ba su kashe ta ba.

Amma hanyar tana da aibu biyu, ba kuwa daidai ba ne a rufe su don ƙaunar masu ita. Na farko, kuɗin ba su isa ba. Sisin talaka ya kan sayi kati, amma ba ya sayen mota, ba ya biyan lauya. Tun daga 1954 NEPU ta ƙulla ƙawance da NCNC, jam'iyyar Dokta Azikiwe, tana samun gudummawa daga gare ta, jaridar Comet ta Kano kuma, wadda ta ke cikin jaridun Azikiwe, ita ce ta ke yaɗa maganarta. Abokan hamayya suka sami abin faɗi, suka riƙa nuna ta da cewa 'yar amshin shatar mutanen Kudu ce. Kayan aro dai ba ya rufe katara. Na biyu, a zamanin da masu karatun boko a ƙauye ba su da yawa, kuɗin da a ka tara a hula da dare ba kullum su ke samun mai rubuta su a littafi ba. Inda babu rubutu kuwa, ko ma'aji mai gaskiya ne zargi ba ya barinsa, zargi kuma shi ne farkon rabuwar kai.

NPC ita ma tana da kati, tana kuma karɓar wani kashi daga albashin wakilanta da ministocinta, ga gudummawar attajirai da 'yan kwangila. Amma babban jarinta ba kuɗi ba ne, En'e ce. Hakimai da dagatai da masu unguwa da ma'aikatan En'e, yawancinsu nata ne. Wanda ya ke da dagaci ba ya bukatar mai shela. Ya kamata a faɗi abin da ta yi daidai: ta san mutanenta, tana magana da su ta bakin waɗanda suka saba girmamawa, ta kuma tsaya a kan abin da ya dami 'yan Arewa da gaske, watau tsoron kada a bar su a baya wajen ilmi da aikin gwamnati. Aibun shi ne ba a yin taron siyasa sai da izinin En'e, 'yan doka nata ne, alƙalai nata ne. Ya zama mai ba da izinin talla shi ne abokin gasar mai talla. Gasa irin wannan ba ta nuna ainihin abin da ke zuciyar jama'a. Tun a zaɓen 1951, wanda a ka yi hawa-hawa, NEPU ta yi rinjaye a matakin farko a birnin Kano, amma da a ka kai matakin ƙarshe, inda En'e ta ke da ikon ƙara nata mutane, ba ta sami ko kujera ɗaya ba.

Wajen talla kuwa, abin da ya fi kowane tasiri shi ne waƙa. Jarida sai mai karatu, ko da ya ke mutum ɗaya ya kan karanta Gaskiya Ta Fi Kwabo mutum goma su saurara. Waƙa kuwa ba ta bukatar makaranta, ba ta bukatar mota. In an rera ta ranar kasuwa, kafin wata kasuwar ta kai ƙauye goma a bakin fatake da 'yan mata masu talla. Mawaƙa irin su Malam Sa'adu Zungur da Mudi Sipikin da Gambo Hawaja da Aƙilu Aliyu sun zuba hikima a wannan fage. Mafi kyawun waƙoƙin nan darasi ne: sun bayyana wa wanda bai taɓa shiga aji ba mene ne majalisa, mene ne ƙuri'a, ina kuɗin haraji su ke zuwa. Mafi muninsu kuwa zambo ne tsagwaronsa, a zagi mutum a zagi asalinsa, ko a fitar da shi daga addini don ya bi wata jam'iyya. Kowane ɓangare ya taɓa wannan. Zambo yana da daɗin ji, ya fi darasi saurin yaɗuwa, amma shi ne ya share wa 'yan sanda da gora hanya, har aka sami ƙungiyar da a ke kira 'Yan Mahaukata a Kano a 1953. Waƙar da ta koya wa mutum ƙin maƙwabcinsa ba ta ƙare aikinta ranar zaɓe.

Alamar jam'iyya ita ma talla ce, wataƙila ma ita ce mafi muhimmanci. A zaɓen tarayya na ran 12 ga Disamba 1959 kowane ɗan takara da akwatinsa a cikin ɗaki, an manna alamarsa a jiki: fartanya ta NPC, tauraro na NEPU, zakara na NCNC, itacen kwakwa na AG. Mai zaɓe ya shiga shi kaɗai ya jefa takardarsa. Wanda ya zaɓi fartanya alama ya san ƙasarsa, gama babu gidan da ba ta a ciki. Sai dai alama ba ta faɗin manufa. Mutum ya kan san akwatin da zai jefa, bai san abin da ya saya ba. A tuna kuma duk wannan talla rabin jama'a kaɗai a ke yi wa, gama matan Arewa ba su sami ikon jefa ƙuri'a ba sai a 1976, ko da ya ke irin su Hajiya Gambo Sawaba sun sha ɗauri a kan siyasa tun kafin nan.

A wannan zaɓe ne aka ga iyakar abin da kuɗi za su iya. Jam'iyyar AG ta Cif Awolowo ta shigo Arewa da jirgin sama mai saukar ungulu, da jirgin da ya ke rubutu da hayaƙi a sararin sama, da motoci masu lasifika. Mutane suka fito suka yi kallo, amma ɗan kallo ba mai zaɓe ba ne. Cikin kujeru 174 na Arewa NPC ta ci 134, AG ta sami 25, yawancinsu ba a ƙasar Hausa ba, NEPU kuwa 8, ko da ya ke ƙuri'unta sun kai wajen rabin miliyan. Daga baya, a 1962, hukumar bincike ta Mai Shari'a Coker ta nuna cewa kuɗin hukumar sayen amfanin gona ta Jihar Yamma sun bi ta wani kamfani sun shiga aikin jam'iyyar AG. Ashe manomin koko ne ya biya, ba kuwa wanda ya tambaye shi.

Soja sun rushe jam'iyyun nan duka a 1966. Amma irin da taro-sisi ya shuka bai mutu ba. A 1979 jam'iyyar PRP ta Malam Aminu Kano, mai alamar mabuɗi, ta ci Jihar Kano, wadda ƙasar Haɗeja ke cikinta a lokacin, Gwamna Abubakar Rimi kuwa ya soke haraji da jangali da hawansa. Abin da a ka yi shekara talatin ana rerawa a kasuwa ya zama doka. Wannan ita ce babbar shaidar cewa tallar da ta ke ɗauke da manufa tana biya, ko ta daɗe.

An yanke Jihar Jigawa daga Kano ran 27 ga Agusta 1991, Kafin Hausa kuma ƙaramar hukuma ce a cikinta, har ɗanta Malam Umar Namadi ya zama gwamna ran 29 ga Mayu 2023. Sha'anin kuɗin siyasa kuwa a Nijeriya duka ya juya. Dokar Zaɓe ta 2022 ta yarda mai neman gwamna ya kashe har naira biliyan 1, mai neman shugaban ƙasa biliyan 5. A 2022 takardar neman tsayawa takarar gwamna kaɗai naira miliyan 50 ce a APC, miliyan 21 a PDP. Karo-karo bai ɓace ba: a Disamba 2014 Janar Muhammadu Buhari ya bayyana cewa magoya bayansa sun tara masa wajen naira miliyan 54. Amma a cikin watan nan ne a ka yi wa PDP alkawarin fiye da biliyan 21 a dare ɗaya a Abuja, kuma babu babbar jam'iyyar da ta kai ga nasara da kuɗin talakawa kaɗai. Da, kuɗi daga ƙasa su ke hawa sama. Daga baya sai suka riƙa saukowa daga sama, a buhun shinkafa da atamfa da sabulu da taliya. Fasta a jikin bango kuwa sai hoton fuska da kirari, ba ta faɗin abin da za a yi. Waƙa ta koma rediyo da waya, yawancinta yabo ne wanda a ka biya.

Mutumin bakin kogi shi ya fi kowa hasara a wannan ciniki. A daminar 2022 ambaliya ta rushe gidaje ta cinye gonaki a Kafin Hausa da sauran ƙasar Haɗeja, ana gab da buɗe yaƙin neman zaɓe. Tambayoyin da suka dace da irin wannan ƙasa a fili su ke: yadda za a riƙa sakin ruwan madatsun Tiga da Challawa, da yashe hanyoyin ruwa da kachala ta toshe, da jinga, da hanyar kai amfanin gona kasuwa. Amma wanda ya karɓi sabulu da wane baki zai yi tambaya? Kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski.

In an ɗora hanyoyin nan a kan ma'aunin nan uku, taro-sisi ne ya fi nauyi, duk da aibunsa, gama shi kaɗai ne ya bar mai zaɓe da 'yancin bakinsa. Aibunsa kuwa mai gyaruwa ne, maganinsa yana hannun waɗanda suka fita daga ajin yaƙi da jahilci. In mutanen unguwa suka ga wanda suka amince da shi, za su iya tara abin da ya sawwaƙa da kaka, a naɗa ma'aji da magatakarda dabam dabam, kowane kuɗi da rasit, a karanta lissafi a bainar jama'a. A rubuta bukatun gari a takarda, ɗan takara ya sa hannu, a ajiye. Sa'an nan in an rera waƙa ko an manna fasta, mai karatu ya tambaya wa ya biya, me kuma a ka yi alkawari. Wanda ya iya karatu da rubutu da lissafi ya riƙe abin da mutanen 1950 suka rasa, saura ya yi aiki da shi.